Kan Shamuwar Bilikis

Jama'a, duk wadda ta leƙo don ta ji kalar ankon da na fitar, ta ba ni haƙuri tun yanzu, yau ba shi na kawo ba. Sababbin zuwa kuma, sunana Zulfa, gidanmu yana Fagge, kuma ni ce wadda kakata Yakaka take nuna wa baƙi tana cewa, "Ga jikata nan, ta yi digiri a kan tsintar bola."

Ba ta yi ƙarya sosai ba. Zane da sassaƙa na karanta, aikin da Allah ya ba ni kuma koyarwa ce a wata 'yar cibiya da ke Sabon Gari, bayan wani shagon tayoyi. Ɗalibaina manya ne, samari da 'yan mata, kuma ba sa gani. Da na fara zuwa ina ta lanƙwasa harshe ina cewa "masu lalurar gani", sai da ɗayansu, Quadri, ya gaji ya ce, "Malama, ki ce makafi kawai mu wuce wurin. Kafin ki gama faɗar wancan an tashi daga aji."

Shamuwa muke ginawa, ta tsofaffin robobi, tsayinta ya ɗara nawa. Asalin abin hira ce ta kawo shi. Ana maganar damina, Quadri ya ce shi a tunaninsa shamuwa wata ƙatuwar kaza ce mai girman kai. Bilikis ta yi dariya har da riƙe ciki. Ita kaɗai ce a ajin ta taɓa ganin duniya, sai da ta shiga sakandare ciwon ido ya rufe mata gani. 'Yar Yarbawan Fagge ce, amma Hausarta ta fi tawa gishiri. Ta ce, "Kaza ai ana kamo muku ku shafa. Shamuwa wa zai kamo? Ku kawo roba in nuna muku."

Haka muka fara. Ƙafafu tsohon tiyo ne aka zura wa rodi. Fukafukai baƙaƙen jarkoki muka yayyanka, kowane gashi da kaurinsa. Ciki robobin yogot, wuya kuma murafan lemo ne aka jera a jikin wayar ƙarfe. Kowa ya sa hannu a jiki, amma kai na Bilikis ne ita kaɗai. Tun kafin azumi take kansa har aka ci babbar sallah. Ta yi baki ta warware, ta yi ido ta ɓalle, ta ce bai yi kama ba. Ranar da ta ce ya yi, layi suka yi suna hawa benci ɗaya bayan ɗaya suna shafawa, Quadri ya sauko ya ce, "To, na janye maganar kaza."

Yanzu bari in zo kan mutumin naku.

Sadisu lemon roba yake sayarwa katan-katan a Kasuwar Singa. A can muka haɗu, na je da buhuna ina roƙon murafai kamar wadda aka yi wa asiri. Maimakon ya kore ni, kujera ya ba ni, ya sa aka tara min buhu biyu, ya kuma kawo su da motarsa har cibiya. Daga nan buhu ya riƙa zuwa ko ba a nema ba, har na ba shi mukulli ɗaya don ya riƙa ajiye kaya da safe kafin ya wuce kasuwa. Ina sonsa, gara in faɗa tun kafin 'yan sharhi su fara yi min fassara. Mutum ne mai fara'a, mai kyauta, shaddarsa kullum kamar yanzu aka karɓo daga wajen bugu. Don ya burge Yakaka har hula zanna bukar ya koma sawa, ita kuwa tsohuwa ta ce tunda take ba ta ga Bakano mai hankalinsa ba. Aibinsa ɗaya, yana son ya gyara abu kafin a ce masa ya lalace.

Magana ta yi nisa har an tsayar da Asabar za su kawo goron sa rana wajen Baba Kyari, ƙanin mahaifina. Sai bawan Allah ya ga bai kamata farin ciki ya tafi haka salin-alin ba. Ya ɗauki hotona ina tsaye kusa da shamuwa, ya ɗora a sitatus, ya rubuta "Amaryata mai fasaha". Wata gwaggonsa ta gani. Ba ta tsaya ko sa takalmi daidai ba sai Rijiyar Lemo, gidan Hajiyarsa. Kafin la'asar saƙo ya iso Fagge: Hajiya tana gaisuwa, tana kuma mamaki, ba ta san gidan mutunci irin namu ana ƙera gumaka ba.

Na dawo na tarar da Yakaka a kan darduma, ta baje kwalaben humrar bikina a gabanta, kasko yana ta hayaƙi. Ko sallamata ba ta amsa da kyau ba.

"Gunki, Zulfa. Gunki aka ce kina yi."

"Yakaka, tsuntsu ne fa. Na roba. Ƙafarsa tiyon ban-ruwa ce."

"Ai gara ma na dutse, ya fi daraja."

"Wa kika ji ya ce zai bauta wa jarkar man gyaɗa? Don su san kamanninsa ne, ba su taɓa gani ba."

"Ni ma ban taɓa ganin teku ba, kin ga na haƙa ɗaya a tsakar gida?" Ta rufe wata kwalba da ƙarfi. "Sa'anninki suna kai 'ya'ya makaranta, ke kina bin kwata kina tsintar murfi. Allah ya kawo mai ɗauka da kwandon sharar taki gaba ɗaya, za ki kore shi saboda tsuntsu. Ki rufa min asiri in ga aurenki kafin in mutu."

Yakaka ta fara mutuwar nan tun ina aji uku a sakandare, kuma har yau ita ke tauna ƙashin miya a gidanmu. Amma ranar tausayinta ya kama ni. Ita ta riƙe ni tun rasuwar iyayena, kuma humrar nan tun bara take haɗa ta a ɓoye.

Ranar Alhamis da yamma ina wanke-wanke saƙon Sadisu ya shigo.

"Zulfata, kwantar da hankalinki. Na samo mafita."

Na goge hannu a zani na rubuta, "Wace iri?"

"Sai kin gani da idonki. Yau Hajiya har dariya ta yi."

Ni a haukata na ɗauka zama ya yi da mahaifiyarsa ya yi mata bayani kamar mai hankali. Na tura masa jajayen zukata har uku, na ƙara da "Allah ya bar min kai". Na je na gaya wa Yakaka an shawo kan Hajiya, ta ɗaga hannu sama ta yi ta jero addu'a da yarenmu na Barbarci.

Kafin in ba ku labarin safiyar Juma'a, sai kun san dokar ajinmu. Ba a matsar da komai sai an faɗa da baki. Ko almakashi ka ɗauka daga kan tebur sai ka ce "na ɗauki almakashi", in ka mayar ka ce ka mayar. Sadisu ya san wannan sarai, don ya taɓa jan benci gefe Quadri ya yi karo da shi, ya sha wa'azin da bai taɓa ji ba ko a masallaci. Sannan kullum da safe, kafin a taɓa aiki, sai sun bi shamuwar da hannu daga ƙafa har sama, su ji inda aka tsaya jiya. Suna kiran abin gaisuwa.

Na buɗe ƙofa, suka riga ni shiga suna naɗe sandunansu, ana ta tsokanar Quadri a kan turaren da ya sha. Na ɗaga ido.

Shamuwa tana tsaye a inda muka bar ta. Fukafukai lafiya, ciki lafiya. Wuya ya tafi sama, ya tsaya. An yanke shi da zarto, wayar ƙarfen ta fito tsirara, murafai sun zube kaɗan a ƙasa. An ma share wurin, an tara su gefe guda, saboda mai aikin mutum ne mai tsafta.

Ya kamata in yi magana, na sani. Harshena ne ya ƙi. Ina tsaye riƙe da mukulli ina kallon hannuwansu suna hawa, daga tiyo zuwa jarka, daga jarka zuwa murafai. Bilikis ta taka benci yadda ta saba, tana cewa, "Ina kwana, Hajiya shamuwa, an tashi lafiya?" Sai a lokacin muryata ta dawo.

"Bilikis, tsaya!"

Ta riga ta kai. Ta janye hannu da sauri, jini a ɗan yatsanta. Ba ta yi ƙara ba. Ta sake miƙa ɗaya hannun a hankali, ta shafa iska a saman wuyan, dama da hagu.

"Mene ne?" in ji Quadri. "Bilikis, yi magana mana."

"Babu kai."

"Kamar yaya babu kai?"

"Wuya ne kawai."

"To faɗowa ya yi. Kowa ya tsaya inda yake, kada a taka."

Sai ga su duka sun durƙusa suna laluben ƙasa, ƙarƙashin tebur, bayan buhuna, a hankali don kada su fasa shi. Ni mai idon ina kallo, na san babu abin da za su samu. Ban taɓa jin kunyar idona ba sai ranar.

Na ɗaure wa Bilikis yatsa, na kira Sadisu. Bugu ɗaya ya ɗauka, muryarsa fes kamar wanda ya ci gasa.

"Kin gani ko?"

"Sadisu, ina kan?"

"Ai shi ne mafitar. Malam na tambaya a masallacin layinmu, ya ce in dai babu kai, ya zama kamar itace. Kin ga ke kin ci gaba da aikinki, Hajiya ta samu natsuwa, gobe a kawo goro. Kowa ya huta."

Ku fahimce ni, ni ban ce malam ya yi kuskure ba, ban kai nan ba. Tambayarsa aka yi ya ba da amsa. Amma na tabbata bai ce a je a ɓoye a buɗe ɗakin mutane da mukullin amana ba. Da Sadisu ya zo ya zauna a kan bencin nan ya faɗa mana damuwarsa, wataƙila da mu da kanmu mun nemi hanya.

"Na ce ina kan?"

"Yana wajen Hajiya. Na kai mata ta gani, kin san ta, ba ta yarda da labari."

"Masu shi fa, ka tambaye su?"

Ya yi 'yar dariya. "Haba Zulfa. Su da ba gani suke ba, ai ba lallai su ma lura ba."

Wayata irin mai ƙarar tsiyar nan ce, ko ba a sa ta a sifika ba maƙwabta suna jin sirrinka. Quadri ya miƙe daga ƙasa yana kakkaɓe gwiwar wandonsa, ya ce, "Malama, a gaya wa Alhaji mun gode. Mun ɗan lura."

Na kashe wayar.

Duk wadda ta tashi a garin nan ta san budurwa ba ta taka gidan su saurayinta. Ko a hanya kika hango uwarsa, layi kike canzawa, ki bi ta kwata in ta kama. Balle ana gobe sa rana. Balle kuma ki je karɓar kaya. Na san duk wannan, na gyara ɗaurin ɗankwalina, na yafa mayafi a kan atamfar aikina mai tabon gam, na ce su jira ni.

"Tare za mu," in ji Bilikis.

"Ki zauna, yatsanki."

"Ke kin san shi da ido ne kawai, Malama. In an canza wani abu ba za ki gane ba."

Na miƙa mata gwiwar hannuna ta riƙe. Samun adaidaita ranar Juma'a sai da muka sha rana, titin Katsina kuma ya cushe da masu fitowa daga masallaci. Wayata tana ta haske a cinyata. Sadisu: "Wai fushi kika yi?" Sadisu: "Don ke na yi fa." Baba Kyari: "Gobe bayan la'asar za su zo, a gyara falo." Na kifa ta.

Mun kusa Rijiyar Lemo Bilikis ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kin san me ya sa na daɗe a kansa? Hoton shamuwar da ke raina guduwa yake yi. Da ina rufe ido in gan ta a kan bishiyar bayan gidanmu, har yadda take karkata kai. Yanzu sai in yi ta kira ba ta zuwa. Ranar da na gama, ina jin ragowar ke nan na juye a ciki. Shi ya sa nake gaishe ta kullum, a wurinta nake tunawa."

Na ce, "Za mu karɓo shi."

Gidan Hajiya babba ne, mai jan get da tayil har tsakar gida. Muka yi sallama. Falo cike da mata, ga katan-katan na alewa da biskit, ga dabino, ga goro an yayyafa masa ruwa an rufe da algarara. Kayana ne, ni ake ƙulla wa. Gwaggon nan mai saurin kai rahoto ita ta fara gane ni, ta saki ledar da ke hannunta.

Hajiya tana kan kujera da carbi, farar dattijuwa mai gilashi, fuskarta irin ta Sadisu sak. Ta dube ni daga mayafi har silifa.

"Ikon Allah. Amarya da kanta? Lale marhabin. Zamani ke nan, mu a namu lokacin ko sunan unguwar ba ma iya faɗa."

Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, Bilikis ma ta durƙusa. Aka kawo ruwa, ba wanda ya sha. Kaina a sunkuye na ce, "Hajiya, a yi min afuwa. Wani abu ne na ɗalibaina aka kawo nan bisa kuskure."

"Ba kuskure ba ne, 'yar nan. Ɗana ne ya kawo min, na kuma sa masa albarka." Ta nuna tsakar gida da carbinta. "Ga shi can, in gani kike so."

Kan yana jingine a gefen murhun gawayi, kusa da kwandon shara. An ɓalli ƙasan bakin an hura wuta da shi, abin da ya rage ya narke ya yi baƙi ya lanƙwashe. Ba mugunta ba ce, a wajensu roba ce, kuma roba tana kama wuta da kyau. Na ja Bilikis muka je, na ɗora hannunta a kai.

Ta tsuguna. Yatsunta suka bi ƙeya, suka bi goshi, suka sauka kan bakin, suka tsaya a wurin da ya narke. Matan falo duk sun fito bakin ƙofa suna kallo kamar ana wasan kwaikwayo.

"Idanun suna nan," ta ce a hankali. "Duka biyun."

Na sunkuya zan ɗauka, sai muryar Hajiya ta zo daga bayana, a natse, babu faɗa a ciki.

"'Yar nan, ni ba na son doguwar magana. Na yarda da ke saboda an ce min an raba ki da wannan abu. In kin mayar da shi, kin nuna min abin da za ki shigo min da shi cikin zuri'a. Idan kan nan ya fita daga gidan nan, goron gobe ba zai fita ba. Ki yi tunani."

Bilikis ta damƙe hannuna. "Malama, bar shi," ta raɗa min. "Wallahi bar shi. Zan sake wani."

Ƙarya take yi, ni da ita mun sani. Yarinyar da aka shiga ɗakinta aka yanke mata abu, ita ce take ƙoƙarin ceton aurena. Na tuna Yakaka da kwalabenta, na tuna falon da aka ce a gyara, na tuna yadda zan tsaya gaban Baba Kyari in ce masa saboda jarka da murfin lemo. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye muku ba. Na sa hannu biyu na ɗauke shi, na rungume a ƙirjina, baƙin ya shafi mayafina.

"Na gode, Hajiya. Allah ya ƙara girma."

Wata ta ce "La ilaha illallahu", wata ta tafa hannu. Muka juya, Bilikis tana riƙe da gwiwar hannuna.

Sadisu yana tsaye a bakin ƙofar fita. Dawowarsa daga masallaci ke nan, farar babbar riga, zanna bukar, darduma a kafaɗa. Ban san tun yaushe yake wurin ba, amma fuskarsa ta nuna ya ji komai. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna.

"Zulfa," ya ce ƙasa-ƙasa, "roba ce fa."

"Na sani. Matsa."

Wallahi na so ya ƙi. Na so ya tare ƙofar nan, ya karɓe shi daga hannuna, ya ce wa Hajiya shi ya yanke, shi zai mayar. Ko bai faɗi haka ba, ya dubi Bilikis ya ce ta yi haƙuri, da ya ishe ni. Na tsaya ina jira har sai da jiran ya fara zama abin kunya.

Sai ya matsa gefe, har da tattare babbar rigarsa kada baƙin robar ya shafe ta.